Motar Kara Ba Wasan Banza Ba Ce

 Yau za mu yi magana a kan wani abu da kowannenmu ya yi da hannunsa yana yaro, amma da ya girma ya zama uba sai ya ɗauki tsumagiya yana dukan ɗansa a kansa. Abin kuwa shi ne ƙera motar kara, da gina shanun laka, da haƙa 'yan ramuka a bayan gida ana ce musu rijiyoyin gari.

Abin da ya jawo maganar ya faru ne a 'yar majami'armu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a hutun Kirsimati. Kamar yadda muka saba kowace shekara, mun tara 'yan makarantar Lahadi muka gina komin dabbobi da laka da kara, har da tumaki da jaki da makiyaya. Da aka gama sai laka ta ragu, muka bar ta a gindin darbejiya. Bayan kwana biyu muka leƙa bayan majami'a, sai muka tarar da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu durƙushe, ya ja wata doguwar hanya da laka, ya kafa mata ƙofa da ɓawon kara, ƙannensa biyu suna zuba ruwa da buta daga sama. Muna tsaye sai ga mahaifinsa a fusace, da tsumagiya a hannu.

"Malam, ka ga abin da yake yi ko? An aike shi ya tsare ruwa a gonar tumatir, ya kwashe mini karan da na tara don danga, ya zo nan yana wasan ƙasa kamar ɗan yaye!"

Muka ce, "Baba, laifi kam ya yi. Amma kafin ka tattake abin, duba shi tukuna."

Dattijon ya sunkuya. Ya bi hanyar ruwan da ido daga sama har ƙasa, ya ga inda ta rabu biyu, ya ga 'yar gadar da aka yi da tsinken tsintsiya. Can sai ya ce, "Af! Wannan ai kanal ɗinmu ne. Ga ma inda ya karye, kusa da gonar maƙwabcina." Tsumagiyar dai ba ta yi aiki ba ran nan. Mu kuwa daga nan muka shiga tunani: yaron da ya iya ɗauke hanyar ruwan ƙauyensu a kai, ya sauke ta a kan ƙasa ba tare da takarda ba, me zai yi in an ba shi ma'auni da wurin aiki?

Wasan da manya ke yi a wasu ƙasashe

Watakila wani zai yi mamaki in ya ji cewa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai dattawa masu furfura, likitoci da malamai da direbobi, waɗanda in sun taso daga aiki ba su da abin sha'awa kamar su zauna suna gina ƙaramar duniya a kan tebur. Sukan shimfiɗa ɗan layin dogo, su gina tasha da gada da duwatsu da gonaki, su dasa 'yan itatuwa, sa'an nan su saki ɗan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki yana zagayawa. Irin wannan kwaikwayon wuri, inda ake ƙanƙantar da gari ko daji ko filin yaƙi yadda ido zai gan shi gaba ɗaya, shi suke kira diyorama. Sunan ya samo asali ne daga wani gidan kallo da wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya buɗe tare da abokin aikinsa a birnin Paris a 1822.

A 1891 wani kamfanin Jamus mai suna Märklin ya nuna 'yan jiragen wasa a kasuwar baje koli ta Leipzig, waɗanda aka yi wa dogo mai faɗi tsayayye, yadda za ka sayi guntu yau ka ƙara wani baɗi su haɗu daidai. A Ingila kuwa, wani akawu na birnin Liverpool mai suna Frank Hornby ya fara ne da yanka 'yan ƙarafa yana yi wa 'ya'yansa maza abin wasa a gida. A 1901 ya yi rajistar dabarar, wadda daga baya ta zama Meccano, a 1920 kuma kamfaninsa ya fito da jiragen ƙasa na wasa masu wani. A lura, uba ne ya zauna tare da 'ya'yansa.

Wanda ya fi kowanne girma a duniya yana birnin Hamburg na Jamus, ana kiransa Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001. Dogon da aka shimfiɗa a cikinsa ya haura kilomita 15, jiragen sun fi dubu, har da filin jirgin sama inda 'yan jirage ke tashi suna sauka. Mu ma a ikilisiya ba baƙon abu ba ne gare mu. Komin dabbobin da muke yi lokacin Kirsimati ɗan'uwan wannan sana'a ne, kuma tarihi ya nuna Francis na Assisi ne ya shirya shi a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223, da sa da jaki masu rai, daga baya aka koma yin siffofi. Haka nan a Urushalima akwai kwaikwayon birnin kamar yadda yake a zamanin Haikali na biyu, wanda aka gama a 1966, aka mai da shi gidan tarihin Isra'ila a 2006.

To, mu nan ba mu da kuɗin sayen jirgin lantarki daga Jamus, kuma ba shi muke kira a saya ba. Abin da muke da shi ya isa: kara, da laka, da hannun yara, da kuma wani babban aiki da ke kwance a ƙofar gidanmu wanda yawancinmu ba mu taɓa ganinsa gaba ɗaya ba.

Ruwan da muke sha ba mu san hanyarsa ba

Tambayi manomin rani a Kura ko Kadawa ko Bunkure daga ina ruwansa yake zuwa, zai ce maka daga Tiga. Amma ka ce ya zana maka hanyar, sai ka ga iyakarsa ƙofar da ke saman gonarsa. Mu ma haka muke, sai da aikin yaran nan ya tilasta mana muka tambayi tsofaffin ma'aikatan ruwa, muka hau babur muka bi kanal.

An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinta mita 48, kuma da ƙasa aka cike ta. Tun kafin a gama ta an riga an fara gwajin noman rani a Kadawa, shi ya sa har gobe mutane ke kiran aikin duka da sunan Kadawa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Kashi na farko an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, ko da yake shekaru da yawa abin da aka gyara bai kai haka ba.

Ruwan yakan fito daga Tiga ta babban kanal, ya zuba a tafkin Ruwan Kanya, ya ci gaba, sa'an nan ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma. Daga reshe ya shiga ƙananan kanal masu rarrabawa, daga nan ya shiga 'yar hanyar da ke bin gefen gonaki, inda manomi ke ɗora tiyo mai lanƙwasa ya zuƙo shi zuwa fangalinsa. Akwai kuma tafkunan da ke tara ruwan da ya kwana yana gudu, domin a yi ban ruwa da shi da rana. Abin da ya fi ba yaran mamaki shi ne, a duk wannan tafiya babu injin da ke tura ruwan. Gangare ne kawai. Tiga tana sama, gonakinmu suna ƙasa, masu awo suka bi tudu da kwari suka fitar da hanya. Wannan ruwa shi ya kawo alkamar da aka yi ta nomawa bayan gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, shi ya cika Kura da injinan casar shinkafa, shi ne kuma ke cika kwandunan tumatir a Kwanar Gafan.

Sai muka ce wa yaran, "Wannan za mu gina."

Awo shi ne uban aiki

Bambancin motar kara ta bayan gida da aikin gwanaye abu ɗaya ne, watau awo. Yaro yakan yi mota, ya yi direban da ya fi motar girma, ya yi saniyar da ta fi ɗaki tsawo. Masu wannan sana'a kuwa sukan tsai da ƙa'ida ɗaya tun farko, kome da kome ya bi ta. Wadda aka fi amfani da ita a duniya ita ce kashi 1 cikin 87, ana ce mata HO. Ma'anarta, kowane abu za a rage shi sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma kamar santimita 2, watau gaɓar ɗan yatsa. Dogon zamani mai faɗin milimita 1,435 zai koma milimita 16.5.

Raba lissafi da 87 wahala ne ga ɗan aji biyar, saboda haka muka zaɓi kashi 1 cikin 100. Mita ɗaya a fili, santimita ɗaya a kan katako. Ƙofar ɗaki mai mita 2 ta zama santimita 2. Hekta ɗaya, wadda take mita 100 kowane gefe, ta zama mita ɗaya kowane gefe. Faifan katakon da kafintoci ke sayarwa, mai ƙafa 8 da ƙafa 4, zai ɗauki kusan hekta 3.

Nan fa gardama ta tashi. Wata yarinya ta yi lissafi a ƙasa da tsinke, ta ɗago kai ta ce, "Malam, in haka ne Tiga kaɗai za ta ci mita 60. Ko filin majami'a ba zai ɗauke ta ba." Gaskiyarta. Sai muka raba aikin biyu. Faifai na farko ya ɗauki dukan ƙasar daga Tiga zuwa Kura a dunƙule, kilomita ɗaya ta zama santimita 5, ba gidaje ba mutane, sai tudu da hanyar ruwa da sunayen garuruwa. Faifai na biyu kuwa ya ɗauki yanki ɗaya na gonakin ƙauyenmu a kan kashi 1 cikin 100. Asabar biyu muka yi muna auna gonaki da igiya mai ƙulli a kowace mita. Yaran da malaminsu na boko ke kuka da su a kan lissafi, su ne ke rige-rigen riƙe littafin awo.

Kayan aiki duk suna gida

Ga abin da muka yi amfani da shi, domin ikilisiyar da ke so ta gwada.

Ƙasa: yumɓu ko laka mai danƙo, a cuɗa ta da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa kamar yadda magina ke kwaɓa ƙasar gini. In ba a sa ba, iskar hunturu za ta tsattsaga ta cikin kwana ɗaya. A shanya a inuwa, kada a rana. Domin kada faifan ya yi nauyi, a fara tara tudu da dunƙulallen takarda da kwali, sa'an nan a shafe da laka kaurin yatsa.

Kara: totuwar ciki ita ce katakonmu, tana yankuwa da reza, ana soke ta. Ɓawon waje kuwa shi ne ƙusa, shi ne kuma ƙarfe. Da su muka yi rumbu da gada da ƙofofin ruwa da amalanke. Karan dawa na bayan kaka ya fi, tun bai sha rana ya yi gautsi ba.

Shuke-shuke: garin katako da aka rina da koren launi ya zama alkama. Tsohon soso da aka yayyaga aka soka a busassun rassan tumfafiya ko na sabara ya zama itatuwa. Jan dutsen ado ƙanana da 'yan mata suka kawo ya zama tumatir a kwando. Ƙaro da aka jiƙa, ko kunun rogo, shi ne gam ɗinmu. Farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi da bula suka ba mu launi.

Hanyar ruwa: nan ne aikin yake. Muka tsaga tsohon tiyo biyu muka binne a laka ya zama babban kanal, ƙananan kuwa muka shafe su da siminti kaɗan. Wata tsohuwa ta tuna mana da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu ke shafe daɓe da soro da shi don kada ruwa ya ci, muka shafe gangaren da ita.

Ranar da madatsarmu ta fashe

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tafi sumul. Ran da muka fara zuba ruwa a faifai na farko, yara sun kira iyayensu mata kallo. Aka cika Tiga da bokiti. Ruwa ya ƙi shiga kanal, ya tsaya ya yi tozo a bakin ƙofa. Wani yaro ya ƙara rabin bokiti don ya tura shi. Sai ruwan ya haura kan madatsar, ya ci lakar, kafin ka ce kwabo ya share Rano da Bunkure ya zubo a ƙafafun mata. Aikin mako uku ya koma taɓo. Wasu suka yi dariya, wasu yaran suka fashe da kuka.

Wani dattijo da ke zaune a kan benci bai yi dariya ba. Ya ce, "Haka Bagauda ta yi." Ya ba yaran labarin watan Agusta na 1988, lokacin da ruwan sama ya yi yawa madatsar Bagauda ta ɓalle, ta wanke gonaki da gidaje, ta yanke hanya. Daga bakinsa suka ji cewa kowace madatsa dole a yi mata mafitar rarar ruwa, wadda take ƙasa da kan bangon, domin in ta cika ruwan ya sami hanyar fita ba tare da ya haura ya ci ƙasar ba. Da muka sake gini, mafitar ce abin da suka fara yi.

Mun kuma koyi abu biyu. Na farko, ruwa kaɗan a 'yar siririyar hanya yakan manne ya ƙi gudu, amma in an ɗiga masa ruwan sabulu sai ya saki jiki. Na biyu, gangaren ƙasarmu a hankali yake, in an rage shi daidai da awo ido ba zai gan shi ba, ruwa ma ba zai bi shi ba. Dole a ƙara wa tudu tsayi fiye da ƙa'ida, kuma a gaya wa mai kallo an ƙara, don kada a koya masa ƙarya.

Na sama da na ƙasa

Duk wanda ya yi noman rani a wannan yanki ya san rigimar da kan tashi in zafi ya shigo, wajen watan Fabrairu da Maris. Mai gona a bakin ƙofa yana ban ruwa har ya yi ambaliya, mai gona a wutsiya kuwa yana kwana a gona da tocila yana jiran abin da ba zai iso ba. A ikilisiyarmu akwai magidanta biyu da suka yi wata biyu ba sa gaisawa a kan wannan, ga su kuwa benci ɗaya suke zama.

Ba don su muka gina faifai na biyu ba, amma ranar da aka nuna shi bayan sujada suna nan. Gonaki takwas ne a jere a kan hanyar ruwa ɗaya, kowa ya gane tasa. Aka saki ruwa, ya bi ya isa ta takwas. Sai yaron nan mai tsumagiya ya ce, "Baba, ku duba." Ya ɗauki tsinke ya fasa gefen hanyar a gona ta farko, kamar yadda wasu ke yi da fartanya maimakon su sa tiyo. Ya tsinki 'yan zaren buhu ya cusa a tsakiya, ya ce wannan kachala ce da ciyawar da ba a nome ba. Ruwa ya cika gona ta ɗaya da ta biyu har ya kwanta, ta biyar ta sami ɗan danshi, ta takwas ko ɗigo.

Mai gonar wutsiya ya miƙe ya ce, "Shekara nawa ina faɗin wannan ana cewa mita gare ni?" Ɗayan ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ni dai ban taɓa zuwa ƙarshen nan da rani ba." Ba za mu ce muku rigima ta ƙare ran nan ba. An dai sa ranar gayya don yashe hanyar, mutum biyar cikin takwas suka fito, har da maƙwabtanmu Musulmi biyu da muke hanya ɗaya da su, waɗanda 'ya'yansu ma suna cikin maginan. Sauran ukun har yanzu ana bin su. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Aikin gyaran da aka yi da rancen Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 da sunan TRIMING, ya ɗora kula da ƙananan hanyoyin nan a wuyan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, watau mu manoma. Ƙungiya kuwa ba ta tafiya in kowa iyakar ganinsa bakin gonarsa.

Faifai na farko ma ya yi mana nasa wa'azin. Kogin Kano yana haɗuwa da na Chalawa a wajen Tamburawa, su zama kogin Haɗeja, ya wuce Wudil ya gangara fadamun Haɗeja da Nguru. Masunta da makiyaya da manoman can da ambaliyar damina suke rayuwa, kuma tun da aka datse Tiga, aka ƙara da madatsar Chalawa a 1992, ambaliyar ta ragu. Ashe mu duka, har da mai kukan wutsiya, 'yan bakin ƙofa ne a wurin wasu.

Jirgin da ba su taɓa shiga ba

Da aka gama hanyar ruwa sai yara suka ce saura jirgi. Yawancinsu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba, alhali kuwa tsohon dogon yana nan yamma da mu, ya fito daga Kano ya bi ta Chalawa da Madobi ya nufi Zariya. Dogon ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma shi ya haifi cinikin gyaɗar da ya tara dalar buhuna a birni. A 1930 aka kai reshensa Nguru. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067, bai kai na zamani ba irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da wanda aka aza harsashinsa tsakanin Kaduna da Kano a watan Yuli na 2021.

A kan awonmu, tsohon dogon bai fi santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Muka miƙar da wayar ƙarfe biyu muka kwantar a kan tsinken ashana, tsakuwar da aka tankaɗe ta zama dutsen ƙarƙashi. Kwalin ashana ya zama tarago, gwangwanin tumatir da aka yanke ya zama kan jirgi, ana jansa da zare. Wani tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya ya zo ya gyara mana tashar, ya nuna inda tankin ruwa yake tsayawa a zamanin jirgin gawayi. Yara suka loda wa taragon kwandunan tumatir. Ɗaya ya tambaya, "Malam, me ya sa namu na gaske a mota ake kai shi Ikko yana ruɓewa a hanya?" Muka ce ya riƙe tambayar, in ya girma ya yi ta ga masu iko.

Kira ga iyaye da shugabanni

Ba mu ce yaro ya bar aike ya zauna wasa ba. Wanda ya bar ruwa ya ci gona ya cancanci faɗa. Amma a ba abin lokacinsa, kamar yammacin Asabar, a ba shi wuri a inuwa inda awaki ba za su taka ba. Babba ya zauna kusa, domin reza da gwangwani suna yanka. Kada a aiki yara ɗebo laka a bakin babban kanal. Gefensa siminti ne mai santsi da gansakuka, ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani, wanda ya zame da wuya ya fito. A ruwan da ya kwanta kuma akwai katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini. Mun sa wa waɗannan wurare jan tsinke a kan faifan, kowane yaro ya san su. Awa biyun da ya yi yana gina kanal na laka, awa biyu ne da bai yi yana iyo a na gaske ba.

Kada kuma a ware 'yan mata. A wurinmu su suka fi riƙe awo. Shugabannin makarantar Lahadi, da na Boys' Brigade da Girls' Brigade, da zumuntar mata, kowa na da abin da zai kawo, ko da tsohon soso ne. Ba lalle sai Tiga ba. Wanda ke Zariya ya gina ganuwa da tasha, wanda ke Funtuwa ya gina gonar auduga da injin gurza, wanda ke ƙauye ya gina kasuwarsu da rafinsu. Sharaɗi biyu ne kawai: wurin ya zama na gaske wanda yara za su taka su auna, awon kuma ya zama ɗaya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu awon da suka fitar da hanyar ruwan nan daga Tiga ba daga sama suka faɗo ba, kuma in ta lalace gobe wani ne zai gyara. Dattijon nan mai tsumagiya, makon jiya shi da kansa ya kawo mana damin kara a kan keke. Ya ce na danga ya isa, wannan na yara ne, amma a gaya wa ɗansa gadar da ya yi ta cika faɗi, amalanke ɗaya ke wucewa a kanta ba biyu ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina da rani masu albarka. Sai mun sake saduwa.